Raƙuman Dawan Dabus Suna Bakin Hanyarmu, Amma 'Ya'yanmu Ba Su Taɓa Ganin Su Ba

A damunar bara, kafin a tashi babban hutu, ina koyar da 'yan ajina darasin tarihin ƙasa, na ce musu wannan hamadar da ta kewaye Arlit ta taɓa zama ƙasa mai ciyawa da tafkuna, inda giwa da dorina da raƙumin dawa suke kiwo. Wata yarinya da ke zaune a layin baya ta ɗaga hannu ta ce, "Mushe, wannan a littafi ne kawai ko da gaske ne?" Aji ya fashe da dariya. Ni kuwa ban ga laifinta ba. Yarinyar da aka haifa a Akokan, ta tashi ba ta ganin komai sai rairayi da ƙura da tulin ƙasar da aka haƙo daga ramin yuraniyom, da me za ta gaskata ni? Sai na tambayi ajin ko akwai wanda ya taɓa zuwa Dabus. Babu ko ɗaya. Da yawansu ma ba su taɓa jin sunan ba.

Wannan ne dalilin rubutun nan. Ra'ayina shi ne, ya kamata kowace makaranta a Arlit da Akokan da ƙauyukan da ke kewaye da Imuraren ta riƙa fitar da 'yan ajin ƙarshe yawon buɗe ido sau ɗaya a shekara, kuma a ɗauki fitar a matsayin darasi, a tsara ta kamar yadda ake tsara jarrabawa. Na san akwai masu cewa wannan aikin Turawa ne da masu kuɗi, na kuma san akwai matsalar tsaro da ta hanya. Zan zo kansu. Bari mu fara da abin da ke akwai na gani.

Dabus tana kusan tsakiyar hanya tsakanin Arlit da Agadas, 'yan kilomita kaɗan daga kwalta. Duk wanda ya taɓa shiga mota zuwa Agadas ya wuce ta kusa da ita. A kan wani falalen dutse akwai zanen raƙuman dawa biyu da aka sassaƙa, babban tsawonsa ya kai mita 5.4, wato kusan girman dabbar a raye. An fitar da rodi-rodin jikinsa ɗaya bayan ɗaya, an goge dutsen ya yi santsi, kuma daga bakin kowanne akwai wani layi da ya sauko zuwa ga ɗan ƙaramin hoton mutum. Masana sun ƙiyasta shekarunsa tsakanin 6,000 zuwa 8,000, zamanin da ba a san ƙarfe ba. Makiyayan yankin sun daɗe da sanin wurin, amma duniya ba ta ji labarinsa ba sai bayan da wani Bafaranshe mai bincike, Christian Dupuy, ya rubuta shi a 1987. A 1999 aka ɗauki samfurinsa, aka zuba kwafi na alminiyam, aka kafa a filin jirgin sama na Agadas. A duwatsun da ke kewaye an ƙirga zane sama da 800, na shanu da jimina da barewa da mutane.

Ka tsayar da yaro gaban wannan dutse, ka tambaye shi: wanda ya zana wannan dabba da irin wannan ƙwarewa, ya taɓa ganin ta ko bai taɓa ba? Idan ya gan ta, me take ci a nan? Yaron da kansa zai kai ga amsar cewa a da akwai itatuwa da ruwa. Gani ya kori ji. Daga nan sai ka gaya masa cewa raƙuman dawan da suka rage a Afirka ta Yamma gaba ɗaya suna ƙasarmu ne, a yankin Kure kusa da Yamai, kuma a 1996 sauransu kusan 50 ne kafin a dage da kare su har suka kai ɗaruruwa. A 2018 aka ɗauko takwas aka kai gandun dajin Gadabeji. Darasin canjin yanayi da na kare namun daji ke nan a zama ɗaya.

Akwai kuma abin da ya shafi cikinmu kai tsaye. Ruwan da muke sha a Arlit daga ƙarƙashin ƙasa ake jawo shi, kuma tsohon ruwa ne da ya taru tun zamanin da ake samun damuna sosai a nan. Ruwan saman da muke samu yau ba ya mayar da gurbin abin da ake ɗiba. Shi kansa yuraniyom ɗin, ruwa ne ya wanko shi daga duwatsun Azbin tun miliyoyin shekaru, ya ajiye shi cikin dutsen yashi na yammacinsu. Yaron da ubansa ya yi shekara ashirin yana shiga ramin Akuta ya cancanci ya san daga ina wannan ƙarfen ya zo.

Gabas da mu duwatsun Azbin ne. Akwai Iferwan a gindin dutsen Tamgak, inda ake yin bikin al'adun Azbin tun 2001. Akwai Timiya da garake na lemu da rumman da inabi da dabino, da ruwan da ke gangarowa daga dutse zuwa wani tafki. Akwai kufan Asode, tsohon birnin da ya yi tashe kafin ya mutu, har yanzu ana ganin ragowar gine-ginensa da masallacinsa. Akwai dutsen Bagzan, wanda ƙololuwarsa ta kai mita 2,022, mafi tsawo a Nijar. Gandun Azbin da Tenere, mai faɗin eka-eka har hekta miliyan 7.7, UNESCO ta sa shi cikin kayan gadon duniya a 1991. Can Agadas, hasumiyar babban masallaci mai tsawon mita 27, wadda aka gina da laka tun 1515 aka sabunta a 1844, tana tsakiyar tsohon garin da shi ma ya shiga wannan jeri a 2013. A Gadufawa an tono ƙasusuwan manyan dabbobin da suka shuɗe, har da wani ƙaton kada. A Gobero, tawagar Paul Sereno ta ci karo a 2000 da maƙabartar mutanen da suka zauna bakin tafki suna kamun kifi, inda yau babu ko ɗigon ruwa.

Mu Hausawa da muka zo nan ci-rani daga Tawa da Maraɗi da Damagaram kada mu ɗauka wannan tarihin Abzinawa ne su kaɗai. Gobirawa da bakinsu suna faɗin cewa daga Azbin kakanninsu suka sauko kudu. Ayarin gishiri da ke tashi zuwa Fachi da Bilma, a kasuwannin ƙasar Hausa yake sauke kaya ya ɗauki gero. Hausa ce harshen kasuwa a Agadas tun kaka da kakanni. Ajina ya haɗa ɗan Ba'abzine da ɗan Bahaushe da ɗan Bazabarme da ɗan Bafulatani, kuma ban san wani darasin zaman tare da ya fi a zaunar da su a inuwar dutse ɗaya, dattijon yankin yana ba su labari ba.

To me ya sa nake cewa abin na gaggawa ne? Saboda Arlit gari ne da aka kafa don abu ɗaya. An haƙa shi a 1969 don yuraniyom, SOMAIR ta fara fitar da ƙarfe a 1971, COMINAK a 1978. A ranar 31 ga Maris 2021 COMINAK ta rufe, kuma duk wanda ke Akokan ya ga yadda gidaje suka zama kango, shaguna suka rufe. Imuraren, mai nisan kilomita 80 kudu da mu, an gano arzikinta tun 1966, an ba da lasisin haƙa a 2009, matasa suka yi tururuwa neman aiki, sai aikin ya tsaya 'yan shekaru bayan nan da farashi ya faɗi. A watan Yunin 2024 gwamnati ta karɓe lasisin daga hannun Orano. Ko wane ne zai haƙa gobe, rami yana da ƙarshe. Tun 2014 kuma zinariyar Jado da Cibarkaten ta ja yaranmu da yawa daga aji. Yaron da ya tashi da tunanin cewa amfanin ƙasarsa kawai a tone ta ne, ranar da rami ya ƙare zai tattara ya tafi Tamanrasset ko Libiya. Kafin tawaye, Agadas ta ci abinci da baƙi masu yawon buɗe ido: direbobi, 'yan jagora, maƙeran azurfa, dukawa, masu raƙuma, masu dafa abinci. Idan Allah ya dawo da zaman lafiya sosai, wa zai yi wannan aikin in yaranmu ba su san hanya ba? Wa zai zama masanin tarihin ƙasa ko na duwatsu ɗan asalin nan, maimakon kullum a zo daga waje a faɗa mana abin da ke bayan gidanmu?

Yanzu ga masu ja. Na farko tsaro ne, kuma ba zan yi wasa da shi ba. Mun ga tawayen 1990 zuwa 1995 da na 2007 zuwa 2009 da nakiyoyin da aka binne. Mun ga sace ma'aikata bakwai a Arlit a Satumbar 2010, da harin 23 ga Mayu 2013. Har yanzu akwai 'yan fashi a wasu hanyoyi. Uban da ya ce ba zai ba da ɗansa ba yana da hujja. Shi ya sa ban ce a kwashi 'yan firamare zuwa Tenere ba. A fara da tafiyar yini ɗaya zuwa Dabus, da izinin hukumar ilimi da na shugaban gunduma, da shawarar jami'an tsaro da hakiman yankin. Idan suka ce a dakata, a dakata. Iferwan da Timiya a bar wa manyan ɗalibai da masu koyon aikin malanta. Kuma ko fita bayan gari da hantsi, a tattara duwatsu iri-iri, a koyi sunan itatuwan kori da Hausa da Tamashek, ita ma fita ce.

Na biyu kuɗi. Mu yi lissafi. Aji mai yara 60, kowa ya kawo dala ashirin a mako, wato CFA 100, cikin mako 20 an tara CFA 120,000. Ba zai biya komai da komai ba, amma ya isa a je wa COGES da ƙungiyar iyayen yara da magajin gari da shi a ce ga namu, ku cika. Dokar ma'adinai ta 2006 ta ware kashi 15 cikin 100 na kuɗin shigar ma'adinai ga ƙananan hukumomin yankin da ake haƙa. Man mota na yini ɗaya don 'yan makaranta bai fi ƙarfin wannan kaso ba. Yaron da iyayensa ba su da hali kuma, asusun aji ya ɗauke shi, kada a bar shi a gida. 'Yan mata su je, da malamai mata da iyaye mata biyu ko uku a cikin motar.

Na uku, wani uba ya taɓa tare ni ya ce, "Malam, gumaka za ka kai mana yara su gani?" Na ce masa, Alhaji, ba mai rusuna wa dutse a cikinmu. Malamanmu na addini sun sha karantar da mu cewa yin tafiya a bayan ƙasa don lura da halitta da ɗaukar darasi daga al'ummun da suka shuɗe abu ne da aka kwaɗaitar. Wanda ya tsaya a inda tafki yake a da ya ga rairayi, ya ga ikon Allah da idonsa. A gayyaci limamin unguwa ya shiga motar.

Na huɗu shi ne wanda ya fi damuna: kada mu kai yara su ɓata abin da ya shekara dubbai lafiya. Dutsen yashi ne, yana da saurin lalacewa, kuma an riga an sami masu taka zanen da masu rubuta sunayensu da masu ɓantarar yanki. Dole malami ya kafa doka tun daga aji: ba hawa kan zane, ba shafa shi da ruwa ko alli don hoto ya fito, ba ɗaukar ko ɗan tsinin kibiya na dutse zuwa gida, ba barin leda. A biya masu gadin wurin haƙƙinsu a gaban yara, su ga cewa tsaron kayan tarihi sana'a ce.

Lokacin da ya dace shi ne sanyi, daga Nuwamba zuwa Fabrairu, a ranar da babu ƙurar hunturu mai yawa. A tashi da asuba saboda lalacewar hanya, a riƙe ruwa fiye da yadda ake zato, a tafi da akwatin magani. Kowane yaro ya je da littafi da fensir, ya zana abu ɗaya, ya rubuta tambaya uku. Idan an dawo, a yi mako guda ana cin moriyar tafiyar: lissafin nisa da man da aka sha, rubutun labari da Faransanci da harshen gida, taswirar hanya a kan allo.

Ina roƙon 'yan'uwana malamai mu kai wannan magana taron farko na COGES a sabuwar shekarar karatu, mu buɗe asusun tun watan Oktoba. Iyaye kuma, wanda yake da mota ko ya san direban kirki ko yake da dangi a ƙauyukan hanya, ya faɗa. Yarinyar nan da ta tambaye ni ko da gaske ne, bana za ta shiga ajin ƙarshe, kuma na yi mata alkawarin za ta gani da idonta in Allah ya yarda. Allah ya ba mu zaman lafiya a Azbin da Nijar baki ɗaya, ya kuma yi wa 'ya'yanmu albarka.