Firiji Mai Aman Ƙanƙara Ba Don Zango Aka Ƙera Shi Ba

Wani sabon yayi ya shigo mana Zango, kuma gara mu faɗa wa juna gaskiya tun bai zama farilla a kayan ɗakin 'ya'yanmu ba. Daga Aboabo zuwa Asawase har Sabon Zango, an fara auna darajar amarya da ƙaton firiji mai ƙofa biyu, wanda ake kara masa kofi a ƙirji ya zubo ƙanƙara. Uwa ta kwashe adashinta, uba ya ci bashi, don 'yan ganin ɗaki su riƙe baki. Kafin a shekara, an toshe bakin na'urar da tsumma, ruwa na kwarara ƙarƙashin ledar ɗaki, ana ta zagin mai gyara.

Mai gyara ba shi da laifi. Wannan na'ura sharuɗɗa gare ta: ruwan famfo mai ƙarfi da ba ya yankewa, matatar da ake sauyawa duk wata shida, da sanyin da ke zaune a digiri 18 ƙasa da sifiri dare da rana. Wanne muke da shi? Ruwan Barekese da Owabi yakan zo, yakan ƙi zuwa, kuma a gidajen haya da yawa famfo ɗaya ne a tsakar gida, ana jera masa bokitai tun asuba. Wuta kuwa, mu da muka ga dumso daga 2012 zuwa 2016 ba sai an ba mu labari ba. Da an ɗauke ta sai ƙanƙarar da ke cikin akwatin ta narke sama-sama, da ta dawo sai ta haɗe ta zama dunƙule guda kamar dutse. Ƙarfen da ke murɗo ta waje ya yi ta kokawa da dunƙulen har injinsa ya ƙone. Idan kuma daga Amurka wani ɗa ya aiko da firijin, to da wutar bolt 120 ya saba, tamu kuwa 230 ce, sai an nema masa taransifoma.

Abin takaicin, wasu daga cikin waɗanda ake sayowa gwanjo ne, irin da ake kira "hom yus". Tun Janairun 2013 Gana ta haramta shigo da tsofaffin firiji saboda zuƙar wutarsu, amma mu muke bin bayan shaguna muna neman abin da Turai ta riga ta yar. A gidan da ɗaki goma ke kan mita ɗaya, wa zai biya wannan zuƙar? Tsohuwar da ba ta da komai sai ƙwan fitila da rediyo za a raba wa kuɗin daidai da kowa. Sau nawa maƙwabtan shekara ashirin suka daina gaisawa a kan kuɗin mita? Wannan cin haƙƙi ne, ko da an yi masa fentin azurfa.

Alhali Zango ba ta taɓa rasa ƙanƙara ba. Iyayenmu mata sun daɗe da warware matsalar da firiza ta kwance da ledar ƙulli. Ƙullin ƙanƙara babba ne, yana jure awoyi bayan an ɗauke wuta, musamman in an lulluɓe shi da buhu a cikin kula. Shi ke sanyaya lamurje da zoɓo da fura a duk faɗin unguwa idan azumi ya faɗo cikin zafi, lokacin da yara ke zarya da kwanoni gab da magariba. Da ribarsa aka biya kuɗin makarantar boko da ta allo a gidaje da dama. Sai ga shi yanzu ana yi wa wannan sana'a kallon ƙauyanci, kamar yadda aka yi wa randa, wadda ke ba da ruwa mai sanyi da ƙamshin ƙasa ba tare da ta san mita ba.

Ba mu ce kada a yi wa amarya gata ba. A sayo mata sabuwar firiza ta kwance mai ɗauke da takardar taurarin nan rawaya ta Hukumar Makamashi, a duba yawan taurarin kafin a biya, a haɗa mata da na'urar daidaita wuta. Abin da ya ragu daga kuɗin mai ƙofa biyu a damƙa mata a hannu ya zama jarin leda da sukari da citta.