Batun Ɗaukar Hoto ga Mai Ciwon Dajin Nono

Ya ku malamai da 'yan kasuwa na ƙasar Yarima da ƙasar Ruma, akwai wata magana da ke yawo a zaurukanmu wadda ta kamata a warware ta. Mutum ya kai iyalinsa asibiti a Katsina saboda dajin nono, likita ya ce a ɗauki hoto, a ɗauka. Bayan 'yan makonni ya ce a sake, sa'an nan ya ce a duba zuciya. Daga nan sai maigida ya fara zato: ko dai kuɗinsa ake so a cinye, ko an ga ajali ana ɓoye masa, ko kuwa hasken nan ne ke ƙara rura ciwon. Sai ya ɗauko matarsa ya komo gida, magani bai kai rabi ba. Lalle wannan kuskure ne, kuma galibinsa a wuyanmu yake mu maza, domin kuɗi da izini duk a hannunmu suke.

Kai da ke sayen hatsi a kasuwar Batsari, ka taɓa biyan kuɗin buhu ba ka buɗe baki ka ga ƙwayar ba, ba ka kuwa sa an auna ba? To, hoto shi ne mudun likita. Na farko, wanda suke kira mamogiram, tare da na sikanin, su ke nuna girman ƙullutun da ko ya taɓa kaluluwar hammata. Duk da haka hoto ba ya yanke hukunci, sai an ɗebi 'yar tsoka da allura an duba a ɗakin gwaji. Na san ana cewa daji ba ya son ƙarfe. Abin da ke faruwa shi ne, akasari ba a kai mace sai ciwon ya riga ya ci ƙarfinta, sa'an nan a ɗora wa allura laifin jinkiri. Saboda wannan jinkirin kuma likita ke neman hoton ƙirji da na ciki, wani lokaci da na ƙashi, gama ciwon in ya tashi tafiya, huhu da hanta da ƙashi yakan fi nufa. In ya riga ya isa can, yanke nono kaɗai ba ya wadatarwa, wata hanyar magani za a bi. Ashe kuɗin hoton ya fi sauƙi bisa ga aikin da za a yi a makance.

Maimaitawar kuma da dalilinta. Maganin da ake sa wa ta jijiya, watau kemo, galibi bayan kowane mako 3 ake ba da shi, kuma tilas a sake awo a ga ko ƙullutun ya ragu, in bai ragu ba a sauya magani tun da sauran lokaci. Duban zuciya shi ya fi tsorata mata, har wata ta ce ciwon ya koma zuciyarta. Ba haka ba ne. Akwai wani jan magani, doxorubicin, da wani, trastuzumab, waɗanda sukan raunana zuciyar wasu mutane, shi ya sa ake duba ƙarfinta kafin a fara, mai shan na biyun kuwa akan sake duba ta kamar bayan kowane wata 3.

Batun haske kuwa, tun 1895 wani Bajamushe, Röntgen, ya gano shi, kuma masana sun daɗe da ƙididdige abin da jiki ke ɗauka. Kowane ɗan Adam yana shan irin wannan haske kullum daga ƙasa da sama bai sani ba. Hoton ƙirji guda daidai yake da na kwana 10 na zaman duniya, mamogiram kamar na mako 7. Na babbar na'urar nan da ake shigar da mutum ciki a kwance, wadda suke kira siti, ya fi nauyi, ya kai na shekara 2, don haka ba a yin sa sai da dalili. Sikanin kuwa sauti ne kurum, irin wanda ake duba masu juna biyu da shi. Kada a haɗa waɗannan da gashi, wanda shi magani ne da ake auna ciwon da shi da gangan. Abu guda wajibi: mai ciki, ko mai zaton ciki, ta faɗa kafin ta shiga ɗakin hoto.

Yanzu ga malamai. Ana tambayarku hukuncin buɗe ƙirji gaban wanda ba muharrami ba, kuma kun fi ni sanin cewa fuƙaha'u sun halatta wa likita duban al'aura gwargwadon larura. Ku faɗi wannan a sarari wurin karatu, gama mace da yawa kunya ce ke hana ta komawa, kuma kalma guda daga bakin malamin unguwa ta fi takardar likita nauyi a gun mijinta. A nemi mace ta ɗauki hoton in akwai, in babu, 'yar'uwarta ta raka ta. Haka nan azumi: haske ba abinci ba ne, ba ya karya shi, amma ruwan da akan ba mutum ya sha kafin hoton ciki sha ne, sai ta rama. Addu'a da tofi kuwa ba wanda ya hana, a yi su a kuma je asibiti.

Ban ce ma'aikatan asibiti ba su da nasu rabon laifi ba. Miƙa wa baƙauye takarda da rubutun da ba ya iya karantawa, a ce masa je ka biya, ba tare da kalma biyu ta bayani ba, shi ke haifar da rabin zaton nan. Kuma ba kowane hoto ne tilas ba. Wadda aka gama yi wa magani, ba ta jin kome, abin da masana suka tsayar mata shi ne ganin likita a kan lokaci da mamogiram sau ɗaya a shekara. Ɗaukar jiki duka a kai a kai bai nuna yana ƙara kwana ba, sai kashe kuɗi da tashin hankali. Saboda haka kana da hakkin ka tambayi likita cikin ladabi: wannan hoton me zai nuna, kuma me zai sauya a maganin? Likitan kirki ba ya fushi da wannan tambaya.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa a 2022 mata fiye da 32,000 suka kamu da ciwon nan a Nijeriya, fiye da 16,000 suka rasu. A da, mai bukatar gashi daga nan sai ta nufi Shika ko Sakkwato, amma a 2025 an buɗe cibiyar ciwon daji a Asibitin Koyarwa na Tarayya da ke Katsina. Duk da haka mun san abin da hanya ke ci daga Runka ko Safana, ga kuɗin mota, ga fargabar da shekarun 'yan bindiga suka bar mana. Don haka ku roƙi a haɗa muku hoto da ganin likita a tafiya guda. Ku adana kowane hoto da takardarsa yadda almajiri ke adana littafinsa a gafaka, kada damina ta taɓa su, ku riƙa tafiya da su duka, tsoho da sabo. Da tsohon ake gwada sabon, kuma in ya ɓace sai an sake biya.