Fim Ɗin Ar-Risala Da Mutanen Ƙetaren Kogi

Wani ɗalibi daga Makera ya aiko yana tambayarmu wane fim na addini muka fi so. Amsarmu ita ce Ar-Risala, wanda Mustafa Akkad, mutumin Siriya, ya shirya a 1976. An ɗauke shi a Maroko da Libiya, kuma ba a nuna Manzon Allah (SAW) ba, ba a ji muryarsa ba. Duk da haka malamai sun yi saɓani a kansa, kuma ba mu raina hujjar waɗanda suka ƙi shi ba.

Mun fara kallonsa ne a kaset, a wani gida a Kakuri, zamanin da masaƙu ke aiki dare da rana, ɗakin cike da ma'aikata, Musulmi da Kirista. Samari sun fi son yaƙin Badar da jaruntakar Sayyidina Hamza. Mu kuwa abin da ya zauna mana a rai shi ne hijira zuwa Habasha, inda Ja'afar ɗan Abu Ɗalib ya karanta Suratu Maryam a gaban Najjashi, sarki Kirista, shi kuma ya ƙi miƙa Musulmi ga jakadun Ƙuraishawa. A nan ne wani maƙwabcinmu Kirista ya ce a mayar da kaset baya.

Bayan rikicin 2000 da na 2002 jama'a da yawa sun tashi, Kogin Kaduna ya koma tamkar iyaka. Mun ji maƙwabcin nan yana Sabon Tasha yanzu. In Allah Ya kai mu Asabar, za mu ƙetare gada mu gaishe shi.