Tsofaffin bindigogin 'yan sa-kai: haɗarin da ba a cika magana a kansa ba

Tun da Gwamna Dikko Radda ya ƙaddamar da rundunar tsaron al'umma ta Katsina a Oktoban 2023, Zamfara kuma ta biyo baya da Askarawanta a Janairun 2024, muhawara ta tsaya kan wa ya cancanci riƙe makami. Ba a cika tambayar halin da makamin kansa yake ciki ba. Alhali a ƙauyuka, mafarauta da 'yan sa-kai da dama da bindigar gado suke fita sintiri, mai baki ɗaya ko biyu, wadda ta sha damina iri-iri a jingine a ɗaki.

Tsatsar bayan bututu ce ke fara ɗaukar ido, amma galibi mai da tsumma sun ishe ta. Ta ciki ce matsala. Albarushin gargajiya da harsasan zamanin da suna barin datti mai jawo laima, ya ci ƙarfe ya bar ƙananan ramuka. Rami mai zurfi yana rage kaurin bututu, kuma kusa da wajen ne mai harbi ke ɗora hannunsa.

Wurin da aka fi mantawa da shi shi ne fuskar ƙarfen da gindin harsashi ke jingina a kai idan an rufe bindiga. A karya ta a duba kewayen hudar da allura ke fitowa. Zoben tabo marar zurfi alama ce ta iskar wuta da ta riƙa tsiyaya shekara da shekaru, kuma ba lallai ya hana aiki ba. Amma idan hudar ta faɗaɗa, ko akwai tsaga, wutar na iya dawowa wajen idon mai harbi. Sai kuma sako-sako: a cire harsashi, a cire katakon gaba, a rufe, a girgiza. In bututu ya yi motsi, ko haske ya ratsa tsakaninsa da fuskar, a ajiye ta. Kai ta wajen mai walda a bakin titi ƙarin haɗari ne, domin zafi yana canza ƙarfin ƙarfe.

Ga kuma batun harsashi. Tsofaffin bindigogin Ingila da yawa an ƙera su ne don harsashi mai milimita 65, na kasuwar yau kuwa yawanci 70 ne. Zai shiga, bindiga ta rufu, amma matsin da zai haifar na iya fin ƙarfin tsohon bututu.

A Ingila, doka ta hana sayar da bindigar da ba ta da tambarin gwaji, kuma gidan gwajin Birmingham yana wannan aiki tun 1813. A nan, dokar makamai ta 1959 ta fi ƙarfi wajen lasisi. Gwamnatocin da ke raba wa jami'an sa-kai babura da motoci za su iya neman masu gyaran makamai na 'yan sanda su duba kowace bindiga kafin damina, su karɓe wadda ta gaza.