Motar gwangwani ba shirme ba ce

'Yan uwa ɗaliban Kwalejin Ilimi ta Gidan Waya, ku da za ku fita koyarwa: in yaro ya haɗa tarakta da gwangwanin madara, ko katafila mai ɗaga hannu da sirinji da ruwa, don Allah kar ku ce shirme ne. Sirinjin nan fa ƙa'idar Pascal ce, da ita katafilar gaske ke aiki. A Turai manya saya suke su jera a kabad. Namu yaran ƙerawa suke. Ni dai a ganina, a tara su a aji a yi darasi da su. Har yau da fartanya muke noman citta. Wa zai ƙera mana injin, in mun kashe masa gwiwa tun firamare?