Kyanwa Ba Kwandon Shara Ba Ce

A Turai da Amurka mutane kan gasa wa karnuka da kyanwoyi biskit a gida. Wasunmu dariya suke yi in sun ji haka. To, mu me muke ba kyanwar da ke kore mana ɓeraye? Ragowar tuwo da miya! Alhali albasa da tafarnuwa suna lalata jinin kyanwa da kare, ko da an dafa su. Cakulan ma guba ne gare su.

Mu a ganinmu, gashin nan bai fi ƙarfinmu ba, tandar waina ta isa. A cire ƙayar dafaffen kifi, a kwaɓa shi da ƙwai da 'yar fulawa, ban da gishiri da magi. A gasa ƙanana, a bari su huce kafin a ba ta.