Cacar Waya: Iyakar Zubi Ba Ta Halatta Haram

Bismillahir Rahmanir Rahim. Tsira da aminci su tabbata ga Manzon Allah da alayensa da sahabbansa.

Bayan haka, ya ku 'yan'uwa, wata shubuha ta fara yawo a tsakanin matasanmu na ƙasar Haɗeja game da kartar da ake bugawa ta intanet, wadda Turawa ke kira poka. Masu tallarta suna cewa akwai nau'in da aka yi wa zubinsa iyaka, don haka babu mai tsiyacewa, kuma wai nasara a cikinta ƙwarewa ce, ba sa'a ba. Har darussan dabaru ake rabawa ta waya. Muna cewa wannan caca ce tsantsa, kuma hujjojin nan biyu ba su da ƙafar tsayawa.

Mu fara da iyakar. A wannan nau'i, kowane rabon karta yana da zagaye huɗu na zubi. A teburin naira 500 da 1,000, zagaye biyun farko ana zuba 500, biyun ƙarshe 1,000, kuma galibi an yarda a yi zubi ɗaya da ƙari uku a kowane zagaye. Mai lissafi ya lissafa: 2,000 sau biyu, da 4,000 sau biyu, naira 12,000 ke nan a rabo guda. An ƙayyade girman zubi, amma wa ya ƙayyade yawan rabon da za a yi kafin asuba? Tulun da ke yoyo kaɗan-kaɗan shi ma wayar gari ake yi a tarar da shi babu ruwa.

Sannan mai shafin yana cire kamasho daga tarin kuɗin kowane rabo, sau da yawa kashi 5 cikin 100. A ƙaddara mutum shida sun zauna da 20,000 kowannensu, ana cire 500 a duk tarin 10,000. Bayan rabo 100, naira 50,000 daga cikin 120,000 ta koma aljihun wanda bai riƙe karta ba. Shi kaɗai ne ba ya faɗuwa.

Sai batun ƙwarewa. A shekarar 2015 masu bincike a Jami'ar Alberta ta ƙasar Kanada suka sanar da cewa manhajarsu mai suna Cepheus ta kai ga kusan cikakkiyar dabarar wannan wasa mai iyaka idan mutum biyu ne ke bugawa. Saurayin da ke Auyo ko Kafin Hausa da me zai tabbatar cewa abokin karawarsa mutum ne ba na'ura ba? Kuma ko da ya gwanance, ribarsa daga ina take? Ba a noma komai a teburin, ba a saƙa komai. Abin da ya ci shi ne abin da wani ya rasa. Dabarar da ake koyarwa ita ce gane mai rauni a tatse shi, da nuna ƙarfin da babu don a tsorata shi. Wannan shi ne cin dukiyar mutane da ɓarna.

Shari'a ba ta bar mu cikin duhu ba. Allah Maɗaukaki ya ambaci caca tare da giya a Suratul Baƙara aya ta 219, sannan ya yanke hukuncin nisantarsu a Suratul Ma'ida aya ta 90 da 91, ya bayyana cewa suna haifar da gaba da ƙiyayya, suna hana ambaton Allah da salla. Malaman tafsiri sun bayyana cacar Larabawan jahiliyya: a yanka raƙumi, a jefa kibau goma, bakwai masu rabo, uku marasa rabo, waɗanda suka faɗi su biya kuɗin raƙumin, naman kuma a ba matalauta. Ashe wannan ma tana da iyaka, har da ciyarwa a cikinta, amma duk da haka aka haramta ta. Haka kuma malamai sun haɗu a kan cewa wasan shaɗaranji, wanda tunani ne zalla kamar darar da muka sani, in ɓangarorin biyu suka sa kuɗi ya zama caca. To ina ga karta 52 da ake cakuɗawa?

Mu dubi abin da ake zubawa. Kuɗin shinkafa ne da alkama da tattasai na fadamar kogin Haɗeja, da cinikin kasuwar kifi. Waɗanda suka ga ambaliyar 2022 sun san yadda gona ke tafiya a dare ɗaya. Wancan jarrabawa ce daga Allah, wannan kuwa mutum ne ke kai jarin takinsa da hannunsa.

Jihar Jigawa ta ƙaddamar da Shari'a a 2000. A Oktoban 2024 Hukumar Hisba ta Kano ta rufe shagunan caca, a Nuwamban shekarar kuma Kotun Ƙoli ta soke dokar caca ta tarayya ta 2005, ta ce tsara wannan harka haƙƙin jihohi ne. Saboda haka mahukuntan Dutse ba su da uzuri. Sai dai kulle shago ba ya kulle wayar da ke cikin aljihu. Wajibi ne limamai su warware wannan shubuha a huɗuba da hujja da lissafi, iyaye su tambayi inda kuɗin kaka ya shiga, wanda ya afka kuma ya tuba, ya goge manhajar, ya bar neman rama abin da ya rasa, domin neman ramuwar nan ita ce igiyar da ake jan ɗan caca da ita.

Allah ya wadata mu da halal, ya tsare zuriyarmu. Wassalamu alaikum.